Tambaya Mabuɗin Ilimi: Wai Ƙaramin Ministan Lafiya Ɗan Rakiya Ne?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka taru a wayata kusan duk hanya ɗaya suka bi, tun daga ɗan tsokacin da na yi a fitowar da ta gabata cewa ma'aikatar lafiya ta tarayya ministoci biyu gare ta ba ɗaya ba. Ashe mutane da yawa ba su sani ba, waɗanda suka sani ɗin kuma ba su san me na biyun yake yi ba. Na tsinto wasu daga ciki, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Baba, ni ɗalibi ne a Samaru. Gardama muke da abokaina tun jiya, wani ya ce ƙaramin minista wai ministan jiha ne tunda a turance Minister of State ake ce masa, akwai kalmar jiha a sunan, wato kowace jiha da nata, wani kuma ya ce a'a mataimakin minista ne kawai kamar mataimakin gwamna. Dan Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Na farkon bai dace ba ko kaɗan, na biyun ya kusa amma bai kai ba. Ƙaramin minista ba shi da alaƙa da jiha, a Abuja yake zaune, ofishinsa na cikin sakatariyar tarayya tare da babban ministan, aikinsa kuma na ƙasa baki ɗaya ne. Wanda ke riƙe da lafiya a jiha kwamishina ake ce masa, gwamna ke naɗa shi. Sunan daga Ingila muka gado shi, can ma suna da babban sakataren lafiya wanda shi ne minista, sai ƙananan ministoci a ƙarƙashinsa. Abin da zai ba ka mamaki, ka tsallaka Nijar nan kusa sai ka ga abin ya juye, can a tsarin Faransa wanda aka liƙa wa wannan laƙabin shi ne babba a cikin ministoci, Bazoum ma da shi ake kiransa lokacin da yake riƙe da ma'aikatar cikin gida kafin ya zama shugaban ƙasa. To ka ga suna ɗaya, a Maraɗi girma ne a Katsina ƙanƙanta.

Batun mataimaki kuwa ga inda abin yake. Mataimakin gwamna yana cikin tsarin mulki da sunansa, tikiti ɗaya suka shiga zaɓe da gwamna, idan gwamna ya mutu ko aka tsige shi babu wata shawara, shi ne. Ƙaramin minista ba haka ba ne, ka buɗe tsarin mulkin 1999 daga farko har ƙarshe ba za ka ga sunan wannan kujerar ba. Sashe na 147 cewa ya yi shugaban ƙasa ya naɗa ministoci, majalisar dattawa ta tantance su, kuma lallai kowace jiha a samu aƙalla mutum ɗaya daga cikinta. Sashe na 148 kuma ya bar wa shugaban ƙasa ya raba musu aiki yadda ya ga dama. To jihohi 36 ne, wani shugaban ma sai ya naɗa fiye da 40, Tinubu mutum 45 ya rantsar ranar 21 ga Agustan 2023, ma'aikatu kuma ba su kai yawan mutanen ba, shi ne ake haɗa biyu a ma'aikata ɗaya a ce wannan babba wannan ƙarami. A gaban sanatoci duk a matsayin minista aka tantance su, rantsuwa ɗaya suka yi, teburi ɗaya suke zama a majalisar zartaswa, sai ranar rabon ma'aikatu kowa ke sanin matsayinsa.

Ni idan ina yi wa mutanen unguwarmu bayani ba na cewa liman da na'ibi, domin na'ibi ya san yana ƙarƙashin liman kuma da liman ya yi tafiya shi zai ja salla ba sai an tambayi kowa ba. Misalin da ya fi kusa shi ne uwargida da amarya. Ba uwargida ce ta auro amarya ba, ba kuma za ta iya sakin ta ba, maigida ne ya kawo kowacce kuma shi ke raba girki. Idan ya raba a fili kowa ta san ranarta sai gida ya zauna lafiya, idan ya yi shiru ya bar su su daidaita da kansu to mai makullin sito ita ce da gida. Babban minista ba zai iya korar ƙarami ba, amma zai iya barin sa ya wuni a ofis ba fayil ko ɗaya a kan teburinsa. Festus Keyamo da ya yi ƙaramin ministan ƙwadago ya faɗi wannan a gaban Buhari a zaman bankwana na majalisar zartaswa cikin Mayun 2023, ya ce kujerar ba ta da tushe a tsarin mulki kuma masu riƙe da ita da yawa ba a barin su su yi aiki. A Oktoban 2024 jaridu suka ruwaito cewa Tinubu ya amince ƙananan ministoci su riƙa yanke hukunci da kansu kan hukumomin da aka ba su, ba sai fayil ya koma teburin babban ba. Wannan gyara ne mai kyau, sai dai umarni ne na shugaban ƙasa, wani shugaban na iya zuwa ya canza.

Gadon kujera ma ba dole ba ne, amma yakan faru. A Oktoban 2014 da Farfesa Onyebuchi Chukwu ya ajiye aiki don neman gwamnan Ebonyi, ƙaramin ministansa Dakta Khaliru Alhassan ɗan Sakkwato Jonathan ya ce ya riƙe ma'aikatar. Dakta Osagie Ehanire ya yi ƙarami daga 2015 a ƙarƙashin Farfesa Isaac Adewole, a 2019 Buhari ya ɗaga shi ya zama babba. Wani kuma sai a ɗauke shi gaba ɗaya, kamar Dakta Tunji Alausa da ya fara a 2023, a Oktoban 2024 aka mayar da shi ministan ilimi aka kawo Dakta Iziaq Salako daga ma'aikatar muhalli. Ka gaida abokan naka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na yi ritaya ina zaune a Kwarbai, na girme ka ina jin. Ban yarda da kai ba da ka ce ƙaramin minista ne na biyu a ma'aikata. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san famanan sakatare shi ne ma'aikata.

AMSA: Yaya Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ban ƙi taka ba wallahi. A jerin girma, wurin zama a taro da wanda za a fara ambata, ƙaramin minista ne na biyu. Amma idan maganar wa ke riƙe da kuɗi ne da takarda to babban sakatare ne, wato famanan sakataren da ka faɗa, kuma kai ka fi ni sani. Shi ne jami'in da doka ta ɗora wa alhakin kowane kobo na ma'aikata, shi ke shugabantar kwamitin ba da kwangila na ma'aikata a ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, shi odita zai tsare, shi kwamitin majalisa zai kira ya zo da rasit. Daraktoci ta hannunsa suke bi. Ba ɗan siyasa ba ne, daga cikin ma'aikata ya taso har ya kai darakta mataki na 17 ya zauna jarrabawa, wa'adinsa shekara 4 ana iya sabuntawa sau ɗaya, sai dai in shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki ta riga cim masa. Minista da ƙaraminsa kuwa ana iya sauke su da sanarwar rediyo da daddare.

Inda nake so ka duba min Yaya shi ne, babban sakatare ba ya shiga majalisar zartaswa ya kare buƙatar asibiti a gaban shugaban ƙasa, ba ya zuwa ya zauna da gwamna ido da ido ya ce masa ranka ya daɗe jiharka ba ta saka nata kason kuɗin rigakafi ba. Wannan aikin ɗan siyasa ne, kuma minista ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Saboda haka ni a wurina biyu ne na biyun, ɗaya na biro ɗaya na baki da ƙafa, kuma idan waɗannan biyun ba sa ga maciji to marar lafiyar da ke kwance a asibitin koyarwa na Shika shi zai ji a jikinsa ba tare da ya san daga ina abin ya fito ba.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni uwa ce mai yara huɗu a nan cikin Zariya. Satin da ya wuce ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi mai zafi har da jijjiga, na goya shi da asuba zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu, na tarar ma'aikaciya ɗaya ce, ta ce abin gwajin maleriya ya ƙare magani ma babu, ta rubuta min takarda na je kemis, kuɗin hannuna bai kai ba sai da na ajiye wayata. Na ji a rediyo ƙaramin ministan lafiya yana cewa an saki kuɗi ga ƙananan asibitoci. Ta yaya zan kai masa kuka? Ina da mai rubuta min.

AMSA: 'Yata sannu, ya mai jiki, Allah ya ba shi lafiya ya raya miki su gaba ɗaya. Saƙonki ya tsaya min a rai domin shekaru na yi ina aiki a irin wannan asibitin kafin na yi ritaya, na san kabad ɗin nan da ake buɗewa ka ga ba komai sai auduga da kwalin safar hannu, na san yadda ma'aikaci ke sunkuyar da kai yana rubuta takardar kemis alhali yana kallon zanin matar ya san ba ta da shi. Kada ki riƙe ma'aikaciyar nan a zuci, wadda ta fito aiki da asuba ita kaɗai ba ita ce matsalarki ba.

Amma gaskiya zan gaya miki, wasiƙa zuwa Abuja ba za ta sa magani a wannan kabad ɗin ba, domin asibitin unguwarku ba na minista ba ne, babba ko ƙarami. Lafiya a ƙasar nan hawa uku ce. Tarayya ke riƙe da manyan asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, da hukumomi irin su NAFDAC da NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Jiha ke riƙe da janar asibiti, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa kuma yana hannun hukumar kula da lafiya matakin farko ta jihar Kaduna tare da ƙaramar hukuma. Minista ba ya ɗaukar ma'aikaci a can, ba ya korar kowa, ba shi ke biyan albashi ba.

Kuɗin da kika ji a rediyo kuwa gaskiya ne akwai shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya matakin farko, rabi ya bi ta hukumar inshora don a biya wa talaka magani, kashi 45 ya bi ta hukumar lafiya matakin farko don magani da gyaran gini da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Wani ɓangare na kuɗin kai tsaye yake shiga asusun bankin asibitin, amma ba kowane asibiti ba, yawanci ɗaya ake zaɓa a kowace mazaɓa, Kaduna kuma mazaɓu 255 gare ta. To abin da za ki fara yi shi ne ki tambaya ko na unguwarku yana cikin masu karɓa. Idan yana ciki, akwai kwamitin ci gaban mazaɓa, mutanen unguwa ne kin san su sun san ki, yawanci har da mai unguwa ko wakilinsa da wakiliyar mata, kuma shugaban kwamitin yana da ta cewa kan yadda ake kashe kuɗin. Ki tara mata biyar ko goma da irin haka ta same su, ku je wurin mai unguwa tare, ku ce kuna so a gaya muku nawa ya shigo a wata ukun da suka wuce da abin da aka saya. Ku yi shi cikin ladabi amma kada ku tashi sai an sa muku ranar dawowa. Idan ba a saurare ku ba sai sakatariyar ƙaramar hukuma wurin mai kula da sashen lafiya, da kansilanku, daga nan sai hukumar jiha a Kaduna. Mai rubuta mikin nan ya rubuta, ya sa kwanan wata, ku yi hoton takardar ku ajiye kwafi. Sannan ki tambaya a asibitin yadda ake shiga inshorar jiha ta KADCHMA a layin masu ƙaramin ƙarfi, ana sa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ciki a gaba.

Wani abu kuma da ya fi duk wannan gaggawa, yaro in ya yi jijjiga da zazzaɓi ba na kemis ba ne, ko ya ji sauƙi ki kai shi babban asibiti a duba jininsa, maleriya mai tsanani tana shanye jinin yaro ba a sani ba. Kuma sashe na 20 na wannan dokar ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Ki turo min saƙo in ji yadda kuka yi da mai unguwa, da kuma ko kin karɓo wayarki.

TAMBAYA: Dole ne sai likita zai riƙe kujerar? Daga wata nas a Tudun Wada.

AMSA: Ba dole ba ne 'yata. Sharaɗin tsarin mulki shi ne mutum ya cancanci tsayawa takarar majalisar wakilai, shi ke nan. Farfesa Eyitayo Lambo da ya yi babban minista daga 2003 zuwa 2007 masanin tattalin arziki ne, Gabriel Aduku da ya yi ƙarami a 2007 mai zanen gine-gine ne. Na san inda tambayarki ta dosa, ƙungiyoyin nas-nas da masu haɗa magani da 'yan lab sun daɗe suna kukan cewa likitoci sun mamaye kujerun biyu. Ni ra'ayina tunda kujera biyu ce, babu laifi ko kaɗan a ba ɗaya ga ƙwararriyar nas ko mai haɗa magani, zai rage yawan rigimar da ake yi a cikin gida.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya ban ga amfanin wannan kujera ba, ɓarnar kuɗi ce kawai, mota da direba da 'yan sanda da masu ba da shawara, mutum ba aikin da yake sai yanke kyalle da karanta jawabin oga. A soke ta a sayi magani da kuɗin. Matashi mai sayar da kayan waya a PZ.

AMSA: Ɗana na fahimci zafinka, kuma akwai waɗanda suka riƙe ta suka sauka ba wanda zai iya tuna abu ɗaya da suka yi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ko an soke sunan ba a rage mutum ko ɗaya ba, tunda tsarin mulki ya ce kowace jiha sai ta samu minista, sai dai a ƙirƙiro masa sabuwar ma'aikata da sabon babban sakatare da sabon gini, ka ga kuɗin ya ƙaru kenan. Bari kuma in ba ka labarin abin da na gani da idona, domin shi ya sa ba na yarda a ce kujerar banza ce.

Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne amma nan Zariya ya yi karatun likita, ya shugabanci hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa daga 2008, a zamaninsa aka fara tura ungozoma ƙauyuka a 2009 aka kuma jawo sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi cikin aikin rigakafi. A Yulin 2011 Jonathan ya naɗa shi ƙaramin ministan lafiya, ƙarami fa, Chukwu ne babba. Amma an yanka masa aikinsa a fili, shi ne shugaban kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da shan inna. Lokacin ina aikin rigakafi a wata ƙaramar hukuma da ba zan faɗi sunanta ba. Kafin nan yadda muke yi kowa ya sani, a fito da akwatin sanyi ƙarfe goma rana ta yi, ƙanƙarar ciki ta narke kafin azahar, alawus ɗin masu ɗiga maganin ba ya zuwa sai bayan wata biyu, ciyaman ba ka ganinsa ko a ranar buɗewa, wasu 'yan matan su zauna gindin bishiya su cike fom su zubar da maganin. Na taɓa tsayawa a wani zaure maigidan ya ce min ba ya so, ga 'yarsa nan a tsakar gida tana jan gindi ƙafa ɗaya ta shanye kamar tsumma, shekararta ba ta fi uku ba, ya ce min ku da ba ku kawo mana maganin zazzaɓi ba me ya sa wannan kuke bin mu da shi gida gida kyauta. Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar, na dawo gida ban iya cin tuwo ba.

Cikin 2012 abubuwa suka fara canzawa muna gani. Aka buɗe cibiyar ba da umarnin gaggawa a Abuja, daga baya a jihohi har da Kaduna, aka fara auna kowace ƙaramar hukuma ana kai sakamakon gaban gwamnoni, wanda bai saki kuɗi ba a san shi. Ciyaman ɗin da ba ma gani sai ga shi a taron yamma yana tambayar gida nawa aka ƙi, hakimi na aiko dagaci ya raka mu, aka fara haɗawa da sabulu da duba marasa lafiya a ba su magani a wurin, wanda shi ne amsar tambayar mutumin nan na zaure. Ba a yi shi da sauƙi ba, a Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata, mu ma nan sai da matanmu suka roƙe mu mu bar fita. A 2012 yara 122 cutar ta kama a Najeriya, a 2013 suka koma 53, a 2014 suka koma 6. Na ƙarshe a Borno aka gani a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ba mutum ɗaya ya yi wannan ba, aikin dubban mata ne masu hijabi da akwatin sanyi a kafaɗa da sarakuna da malamai, kuma shi Pate ɗin ma ya ajiye kujerar a Yulin 2013 ya tafi koyarwa Amurka kafin a kai ƙarshe, sai a 2023 ya dawo a matsayin babba. Amma mu da ke ƙasa mun ji bambancin ranar da aka samu wani a sama wanda wannan aikin ne nasa, da sunansa, wanda shugaban ƙasa zai tambaya in an faɗi.

To ni abin da nake nema ba a soke ba. A buga takardar rabon aikin a jarida kowa ya gani, a ce hukuma kaza da kaza na ƙarami ne, ga abin da ake so ya cim ma a shekara, don in ya zo Shika buɗe gini 'yan jarida su tambaye shi nasa aikin ba na oga ba. Kuma kai ma kana da hanya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa dama ya rubuta wa ma'aikata ya nemi irin wannan takardar, an ba su kwana 7 su amsa. Ƙungiyarku ta 'yan kasuwa na iya rubutawa da hatiminta.

TAMBAYA: Baba a Amurka ma suna da irin wannan? Na gani a Facebook ana maganar mataimakin sakataren lafiya.

AMSA: Suna da shi, amma nasu na'ibi ne na gaske. Ministan lafiyarsu sakatare suke ce masa, mataimakinsa shugaban ƙasa ke zaɓa majalisar dattawa ta amince, shi ke tafiyar da harkokin yau da kullum na ma'aikatar, kuma doka ta tsara in kujerar sama ta zama ba kowa shi ke riƙewa. Haka aka yi a 2017 da Tom Price ya yi murabus, mataimaki Eric Hargan ya riƙe daga Oktoba har Janairun 2018. Wato su sun haɗa wani ɓangare na aikin babban sakatarenmu da na ƙaramin ministanmu a jikin mutum ɗaya.

TAMBAYA: Malam mahaifina yana jiran tiyata aka shiga yajin aiki aka sallame mu, muka dawo da shi gida Jushi da robar fitsari a jikinsa. Kullum sai mu ga ƙaramin minista a talabijin yana cewa ana tattaunawa. In shi aka ba aikin me ya hana shi biyan likitocin a huta?

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya ba ku ladan jinya. Ni ma na taɓa kwana a barandar wani asibiti da ƙanwata lokacin wani yajin aikin, na ga yadda ake tura gadaje waje ana kashe fitilun ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ba na fatan wannan ga kowa.

Sau da yawa ƙaramin minista ake turawa gaban likitoci, amma jakar kuɗin ba a hannunsa take ba. Tsarin albashin likitoci da na sauran ma'aikatan lafiya hukumar albashi ta ƙasa ke fitar da shi, ofishin kasafi ya nemo inda kuɗin zai fito, ma'aikatar kuɗi da akanta janar su saki, ɗaukar sababbin ma'aikata sai shugaban ma'aikatan tarayya ya ba da izini, sulhun kansa kuma ma'aikatar ƙwadago ke jagoranta. Shi ya sa za ka ga an sa hannu a yarjejeniya an janye, bayan wata shida an koma, domin wanda ya sa hannun ba shi ke biya ba. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun fara ranar 2 ga Agusta ba su dawo ba sai farkon Oktoba, wata biyu cur. Ban wanke shi ba fa, aikinsa ne ya bi fayil ɗin ofis ofis tun kafin wa'adin da ƙungiya ta bayar ya cika, ya shiga wurin shugaban ƙasa in ta kama, kuma in ya san kuɗin ba zai fito ba kada ya sa hannu. Tushen abin kuma tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, tarayya ba ta taɓa kaiwa ba.

Yanzu dai ga abin da ya fi muku amfani. Yajin aikin masu neman ƙwarewa ba ya haɗawa da manyan likitoci, kwansaltan, sukan ci gaba da duba waɗanda abin ya tsananta, saboda haka ka koma da katin Baba ka nemi sakataren sashen da aka rubuta masa tiyatar ka tambayi ranar da babban likitansa ke zama. In an yi ta juya ka, manyan asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke, ka rubuta a can ka karɓi shaida. Robar fitsarin nan kuma ba a barin ta ta wuce lokacin da aka ce a canza, ka duba takardar sallama, ko janar asibiti za su iya canza masa. In ka ga zazzaɓi, ko fitsarin ya daina sauka a jakar, ko ya koma jini, ko Baba ya fara ruɗewa, kada ka jira gari ya waye, ku tafi emajensi mafi kusa a daren. Ka turo min unguwar da kuke ta lambar mujalla, akwai wani tsohon abokin aikina nas da ke zaune ta wajenku, zan roƙe shi ya leƙo ya duba robar kafin Juma'a in sha Allah.